KA AUNA ICCENKA KAFIN KA ƊAUKI GATARI



Kowane maigida a cikinmu ya san damin hatsi nawa ya zuba a rumbu bana. Ya san tiya nawa ake ɗiba kowace safiya, kuma in ya zauna ya yi lissafi zai faɗi watan da rumbun zai ƙare. Makiyayi ma ya san bisashensa ɗaya bayan ɗaya, ya san masu ciki, ya san wadda ta tsufa ta isa kasuwa. Amma a tambayi mutum itatuwa nawa ke cikin gonarsa, sai ya ce: "Da dama, ba laifi." A sāke tambayarsa nawa zai iya sara bana ba tare da ya taɓa na baɗi ba, sai ya yi shiru.

Wannan shirun yana da tsada. Wani ya sare gofa tun ba ta ƙosa ba, ya sayar da araha. Wani ya share sabararsa duka cikin rani ɗaya, damina ta zo iska ta binne masa shuka har sau biyu. Wani kuma yana da itace isasshe cikin gona, amma tsoro ya hana shi taɓawa, matansa suna girki da kara da kashin shanu. Dukansu abu ɗaya ya rasa musu, shi ne awo. Ku da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci kun iya rubuta lamba, kun iya tarawa da rabawa. Abin da ake bukata ke nan, sai igiya da sanda da kaye.

YADDA ITATUWA SUKA KOMO GONAKINMU

Dattawanmu sun ga abin da ya faru. Bayan farin 1973, da yunwar 1984 wadda ake kira El-Buhari, gonaki da yawa na jihar Maradi sun zama fili fetal. A lokacin, manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa ƙal, ya tara sassabe ya ƙone. Tun 1975 ake dasa itatuwa kowace ranar 3 ga watan Agusta, amma dashe da yawa ba ya kai rani na biyu, saboda ƙishirwa da awaki.

A shekarar 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a Maradi, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sassabewa kowace bazara toho ne na kututturen itatuwan da aka sare, kuma saiwarsu tana nan da rai cikin ƙasa. In aka zaɓi toho mai ƙarfi aka bar shi, aka rage sauran, zai zama icce da sauri, domin saiwar ta riga ta kai ga laima. Wannan shi ne sassaben zamani. Manoma suka karɓe shi, gari ya koya daga gari. Garin Ɗan Saga na ƙasar Agye ya yi suna a kansa, har baƙi na zuwa daga wasu ƙasashe su gani.

Daga baya masu bincike suka gwada hotunan da jirgin sama ya ɗauka a 1975 da waɗanda tauraron ɗan'adam ya ɗauka bayan shekara talatin, suka kuma sauka ƙasa suka ƙidaya da ƙafa. A 2009 suka bayyana cewa gonakin da itatuwa suka komo cikinsu a Nijar sun kai ekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. In aka raba, kowace ekta ta tashi da icce 40. Galibinsu a jihohin Maradi da Damagaram suke.

To, dukiya ta samu. Saura a san yadda za a ci ta ba a cinye ta ba.

ICCE GARKE NE

Mai tumaki goma sha biyu, in suka haifa masa shida a shekara, yana iya sayar da shida garkensa yana nan yadda yake. In ya sayar da tara, baɗi haihuwa za ta ragu. In ya ci gaba haka, shekara kaɗan sai turke ya rage masa. Haka itatuwa suke. Abin da ke tsaye cikin gona shi ne uwar kuɗi. Abin da suka ƙaru da shi daga kaka zuwa kaka shi ne riba. A ci riba, a bar uwa.

Wannan magana ba sabuwa ba ce. A shekarar 1713, a ƙasar Jamus, wani shugaban ma'aikatar haƙar azurfa mai suna Carlowitz ya ga dazuzzukan yankinsa suna ƙarewa saboda itacen da ake ƙonawa wajen narka ma'adini. Ya rubuta littafi ya ce kada a sari fiye da abin da daji zai iya mayarwa. Daga nan aka fara auna dazuzzuka a Turai, ana rubuta girman itatuwa shekara bayan shekara, har aka tsara jadawali wanda ke nuna katako nawa ekta ɗaya za ta ba da in itatuwanta suka kai shekara kaza. A Faransa an buɗe makarantar ma'aikatan gandun daji a garin Nansi a 1824.

A ƙasarmu ma an bi wannan hanya. Dokar 1992 ta ba ƙauyuka damar kafa kasuwannin itace na karkara. A dajin Baban Rafi, kudu da Maradi, da wasu dazuzzukan da ke kewaye da Yamai, sai da aka auna abin da ke tsaye, aka raba daji kashi-kashi, aka yanka wa kowane gari adadin da zai sara a shekara, aka kuma faɗi kaurin da icce zai kai kafin gatari ya taɓa shi. Ma'aunin da ake sayarwa da shi a waɗannan kasuwanni shi ne sitar: tarin itace mai tsawon metir ɗaya, faɗin metir ɗaya, tsayin metir ɗaya.

Mu a nan dajinmu cikin gonaki yake. Jadawalin Turai ba zai yi mana aiki ba, domin ruwanmu kaɗan ne, kuma shekara ba ta kama da shekara. Kowane manomi shi zai tsara nasa jadawali. Ga yadda ake yi.

AIKI NA FARKO: ƘIDAYA

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan girbi, sa'ad da ido ke ganin gona daga iyaka zuwa iyaka.

In gonarka ƙarama ce, ƙidaya duka. Ka tafi da yaro ɗaya da garin toka ko gawayi, duk iccen da aka ƙidaya a yi masa alama don kada a maimaita. A cikin kaye, kowane iri da layinsa: gawo, sabara, kalgo, aduwa, magarya, taramniya, ɗanya, ƙirya, anza, goriba. Kututture ɗaya, ko da toho goma ke kansa, ɗaya ne.

In gonar babba ce, ba sai ka bi ta duka ba. Mace ba ta cinye tukunya kafin ta san gishiri ya ji. Ka nemi igiya mai tsawon metir 17 da santimetir 80. Ka kafa turke, ka ɗaura ta, ka ja ta sosai ka kewaya kamar akuyar da aka ɗaure. Duk iccen da igiya ta taɓa ko ta tsallake, ka rubuta shi. Filin da ka kewaya kashi ɗaya ne cikin goma na ekta, ita kuwa ekta fili ne mai metir 100 tsawo da metir 100 faɗi.

Ka yi haka wuri biyar. Amma a kula: kada ka zaɓi wurin da idonka ke so, domin ido inuwa yake bi. Ka tashi daga kusurwar gona ka nufi kusurwar da ke fuskantarta, duk taku 50 ka kafa turke inda ƙafarka ta tsaya, ko da fako ne.

A ce Malam Wane ya samu 7, da 4, da 9, da 3, da 7. Jimla 30. A raba gida biyar, 6 ke nan. A ninka sau goma, ekta ɗaya tana da 60. In gonarsa ekta uku ce, yana da wajen 180.

Masu ilmi na duniya ma wannan aikin suke yi, sai dai da manyan na'urori. A 2023 masu bincike na Amurka da Danmak suka sa kwamfuta ta ƙidaya itatuwan busassun ƙasashen Afirka ɗaya bayan ɗaya daga hotunan sama, tun daga bakin teku a Senegal da Muritaniya har Bahar Maliya. Suka samu kusan biliyan 10. Amma tauraro ba ya ganin tohon da bai kai ƙugu ba, ba ya kuma sanin gofar da ta isa sara. Wannan sai mai gona.

AIKI NA BIYU: KAURI DA TSAWO

Ma'aikatan gandun daji suna auna kaurin icce a wuri ɗaya kullum: metir ɗaya da santimetir 30 daga ƙasa, daidai ƙirjin babban mutum. Dalili kuwa gindi yana da kumburi, in aka auna can za a ruɗi kai. Ka yanki sanda mai wannan tsawo, ka jingina ta ga icce, ka kewaya shi da awon tela daidai kan sandar. In babu awon tela, ka kewaya da igiya, ka riƙe wurin da ta haɗu, ka gwada ta da taƙi. Taƙin babban mutum ya kai santimetir 20 ko kusa da haka. Abin da ka samu shi muke kira kewaye.

In icce ya rabu biyu ƙasa da kan sandar, kowane reshe a auna shi daban. Sabara da kalgo, da yake sandunansu sirara ne, a auna su taƙi ɗaya daga ƙasa. In wani ya tambaye ka faɗin gungume daga gefe zuwa gefe, ka raba kewaye gida uku, za ka yi kusa ƙwarai. Kewaye 60, faɗi wajen 19 zuwa 20.

Sa'an nan ka kasa itatuwanka kashi uku. Yara, waɗanda kewayensu bai kai taƙi ɗaya ba. Samari, daga taƙi ɗaya zuwa uku. Manya, waɗanda suka wuce taƙi uku. Wannan rabo yana faɗin abin da ido ba ya faɗi. Gonar da ke da manyan gawo goma ba yaro ko ɗaya, ta yi kyau ga mai wucewa, amma garin tsofaffi ce, ranar da suka faɗi babu magaji. Gona lafiyayya ita ce wadda yara suka fi samari yawa, samari suka fi manya.

Tsawo kuwa ba sai an hau ba, inuwa ta isa. Da hantsi ka kafa sanda mai metir 2 a tsaye, ka auna inuwarta. A ce ta yi metir 3. Nan take ka auna inuwar icce daga gindi. A ce ta yi metir 12. Inuwar icce ta ninka ta sanda sau huɗu, don haka icce ya ninka sanda sau huɗu: metir 8. In lissafin ya yi maka nauyi, ka jira har inuwar sanda ta yi daidai da tsawonta. A wannan lokaci tsawon inuwar kowane icce shi ne tsawonsa.

AIKI NA UKU: GIRMAN SHEKARA

Awo ɗaya yana faɗin abin da kake da shi yau. Awo na biyu, bayan shekara, shi ke faɗin abin da za ka samu gobe.

Ka zaɓi itatuwa goma na irin da ka fi so ka sani, wasu a tudu wasu a kwari. Ka ba kowane lamba, ka rubuta ta da fenti a jikinsa, ka ja ɗan layi daidai wurin da ka auna. Kada a buga ƙusa, kada a sassaƙe ɓawo. Baɗi, a wannan wata, ka koma ka auna bisa layin.

A ce gawo mai lamba 3 yana da kewaye 40 bana, baɗi ya zama 44. Ya ƙaru da 4. In kana so ya kai 60, saura 16, shekara huɗu ke nan in ya riƙe wannan tafiya. Waɗannan lambobi misali ne kawai, naka za su fito daga gonarka.

Abu uku za a riƙe a nan. Na farko, shekarar ruwa da shekarar fari ba ɗaya ba ne, don haka kada a yanke hukunci da awon shekara ɗaya. A tara na shekara uku a raba gida uku. Na biyu, icce kamar mutum yake: yana jinkiri yana yaro, ya yi sauri yana saurayi, ya lafa in ya tsufa. Ranar da kaye ya nuna maka gofa ta shekara biyu ko uku tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan alhali maƙwabtanta suna gudu, ita ce ta isa sara. Na uku, tohon kututture ya fi tsiron iri sauri nesa ba kusa ba, kada a gama su layi ɗaya.

A ƙasashen sanyi, in aka yanke icce ana ƙidaya zoben da ke cikin gungume a san shekarunsa, kowane zobe shekara ɗaya. A nan zoben itatuwanmu da yawa ba ya fitowa sarai, sai an goge an duba da gilashi. Kayenka ya fi zobe amfani, domin ba sai icce ya mutu zai ba ka labari ba.

ITACE NAWA KE CIKIN GOFA?

Ga wurin da masu saye ke cin manoma. Mutum ya ga gofa biyu tsawonsu ɗaya, wannan kewayenta 20, waccan 40. Sai ya ce babbar ta ninka ƙaramar sau biyu. Ba haka ba ne. Ta ninka ta sau huɗu.

Ga dalili. Ana ninka kewaye da kansa. 20 sau 20, 400. 40 sau 40, 1600. A cikin 1600 akwai 400 har sau huɗu. Ku dubi tukwane: wadda faɗinta ya ninka na wata sau biyu, ba ruwan tukunya biyu take ci ba, ta fi haka da nisa.

Mai son sanin adadin sosai, ga hanya. Ka auna kewaye a tsakiyar gofa da santimetir, ka ninka shi da kansa, ka ninka da tsawonta a metir, ka ninka da 8, ka raba da 1000. Abin da ya fito lita ne, kamar a ce an narkar da gofar an zuba a bido. Mai kewaye 40 da tsawon metir 3: 1600 sau 3, 4800, sau 8, 38.400, a raba da 1000, lita 38, kusan bido biyu na lita ashirin-ashirin. Mai kewaye 20 da wannan tsawo ba ta kai lita 10 ba, rabin bido. Lita 1000 ita ce metir-kib ɗaya da ma'aikata ke ambata, daidai tano biyar na lita 200.

Darasin a fili yake. Wanda ya sare sanda tana taƙi ɗaya ya yanka ɗan rago ne ranar suna. Da ya yi haƙuri ta kai taƙi biyu, da ya samu huɗu a maimakon ɗaya, kuma da ta tashi daga itacen wuta ta zama dirkar rumbu ko ta zaure, wadda kuɗinta ya fi.

LISSAFIN ITACEN WUTA

Wannan lissafi da uwargida za a yi shi, domin ita ta san abin da murhu ke ci. A ɗaure itace dami-dami daidai wa daida, a ga kwana nawa dami ɗaya ke yi.

Dabarar da manoman Maradi suka saba da ita ga sabara da kalgo ita ce a bar wa kututture sanduna kamar biyar. Kowace shekara a sare babbar, a zaɓi sabon toho ɗaya ya maye gurbinta. Ta haka kututture ba ya zama tsirara, kuma kowace shekara akwai abin ɗauka.

Mu koma ga Malam Wane. Cikin itatuwansa 180, a ce 120 sabara ne da kalgo. Sanda ɗaya daga kowane, 120 a shekara. In sanda huɗu ke yin dami, ya samu dami 30. In gidansa na ƙona dami ɗaya a mako, yana bukatar 52. Gonarsa ta ɗauke shi mako 30, saura 22.

Yanzu ya san inda yake, kuma hanya uku ke gabansa. Ya cike giɓin da rassan da yake ragewa lokacin sassabe da busasshen itace. Ya rage cin murhu, ta hanyar murhun laka mai tattali ko na ƙarfe irin Mai Sauƙi. Ko ya ƙara kututture: dami 52 na bukatar 208, saura masa 88 da zai raya. Hanya ta huɗu, wato sare sanda biyu ko uku daga kowane kututture, ita ce cin uwar kuɗi. Bana wuta za ta ci, shekara uku masu zuwa mata za su koma tafiyar nesa.

A wajen sara, gatari ya zama mai kaifi, a yanka a karkace daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage, kada ruwa ya kwanta bisa kututture.

GAWO DA GORIBA LISSAFINSU DABAN

Ba kowane icce ake auna amfaninsa da gungume ba. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Ba ya tare wa hatsi rana, ganyensa taki ne, bisashe suna kwana ƙarƙashinsa suna ƙara wani takin, ɗiyansa kuma abincinsu ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun ya sa hukunci mai tsanani ga duk wanda ya sare gawo. Mai son sanin darajar gawonsa ya rubuta abu biyu: buhu nawa na ɗiya ya tsinta, da hatsin da ya girbe ƙarƙashinsa. Ya auna fili taku goma-goma a gindin gawo, da wani daidai shi a sarari, ya ɗaure zangarniyar kowane daban, ya gwada. Wanda ya yi haka sau ɗaya ba ya sāke sauraron mai sayen gungume.

Goriba kuma ita ce arzikin Gulbin Kaba, kwarin da ya ratsa ƙasar Mayahi. Kaba tana ba da tabarma da igiya da faifai, ɗiya suna zuwa kasuwa, gungume yana zama azara. Binciken da aka yi a kwarin bayan shekarar 2000 ya nuna matsalar da muka ambata: kaba a ƙasa ga ta nan da yawa, tsofaffin goriba suna tsaye, amma masu tasowa a tsakani sun yi ƙaranci, domin ana yanke ganye tun yana ƙarami, wani lokaci har da zuciyar tsiron. Don haka a ƙidaya goriba kashi uku: kumburin kaba, masu sabon gungume, da manya. A kowane kumburi a zaɓi tsiro ɗaya mai ƙarfi, a ɗaura masa ƙyalle, a gaya wa mata da yara wannan ba na yanka ba ne. A tuna kuma goriba akwai namiji akwai mace, mace kaɗai ke ɗiya. In bukatar azara ta taso a duba cikin maza, amma kada a ƙarar da su, domin ba namiji ba ɗiya.

KAYE SHAIDA NE

Shekaru da yawa manoma suna jin tsoron barin icce cikin gona, suna cewa na gwamnati ne. Abubuwa sun sauya. An yi sabuwar dokar gandun daji a 2004, kuma a watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman a kan sassaben zamani, wadda ta amince manomin da ya raya icce cikin gonarsa yana da haƙƙin cin moriyarsa. Duk da haka akwai itatuwa masu kariya, gawo da goriba da aduwa suna ciki. Kafin a kā da irinsu sai an tuntuɓi ma'aikacin gandun daji.

A nan kaye yake da rana. Wanda ya zo da rubutu, ga adadi, ga shekarar da ya fara, ga abin da yake so ya sara da abin da zai bari, maganarsa ta fi ta wanda ya zo hannu sake. In ɓarawon dare ya sare gofa, lambarta da kewayenta suna rubuce, mai gari da kwamitin tsaron itatuwa sun san abin da za a biya. In baƙon makiyayi ya datse rassan gawo fiye da kima, akwai abin nunawa ba sai an ɗaga murya ba. In an zo jinginar gona ko rabon gado gaban kwamitin filaye na gari, itatuwa su ma su shiga lissafi, domin gona mai icce 60 a ekta da fako ba kuɗinsu ɗaya ba.

AIKIN WANNAN WATA

Muna roƙon kowace ƙungiyar masu sauraro ta yi abu huɗu kafin sanyi ya wuce. A auna igiya ɗaya ta metir 17 da santimetir 80 da sanda ɗaya ta metir ɗaya da santimetir 30, a ajiye su wurin malamin yaƙi da jahilci, kowa ya ara. Kowane ɗalibi ya ware shafi huɗu cikin kayensa: ƙidaya, kewaye, itacen wuta, da abin da aka sara. A fara da gonar mutum ɗaya, a tafi tare, wanda ya gane ya nuna wa wanda bai gane ba. Mata su shiga, domin lissafin dami a hannunsu yake. Bayan haka a kawo wa malamin gona sakamakon, ya tara na gari-gari, mu karanta muku a shirin manoma, kowa ya ji inda garinsu ya tsaya.

Awon bana shi kaɗai ba zai faɗi da yawa ba. Na baɗi zai fara magana. Bayan kaka uku, manomi zai iya tsayawa bakin gonarsa ya ce: bana gofa kaza zan fitar, dami kaza na wuta, sauran na ɗiyana ne. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kai mu damina mai albarka. Amin.